Buhun Kunnuwan Shanu

Waɗanda suka san ni sun san ba na faɗin abu daidai girmansa. In na ga tarwaɗa a kogin Wudil, kafin in iso gida ta zama kada, kafin in gama alwala ta haɗiye jaki da mangalarsa. Matata ta ce ko rasuwata ta ji daga bakina sai ta aika a dubo. To amma labarin zauren yayana ba ya bukatar gishirina. In na ƙara wani abu a ciki, a kan shanu ne da tuwo, ban taɓa abin da ya same shi ba.

Yayana fatoma ne a karar Wudil, a shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, Bature bai tafi ba tukuna. Fatoma shi ne mai masaukin masu shanu. Bafulatani zai koro dabbobinsa daga daji ran Alhamis, ya sauka a gidanka, ya ci tuwonka, ya kwana a zaurenka, shanun su kwana a bayan gida. Juma'a da safe ka shige masa gaba zuwa kara, ka nemo masa mai saye, ka tsaya a kansa har a gama ciniki ba a cuce shi ba. Ba shago, ba sito, ba jari. Duk dukiyar fatoma baƙinsa ne. Ran da suka daina zuwa, ya zama wani mutum ne kawai mai ƙaton zaure.

Zauren daga mahaifinmu Yaya ya gaje shi, har da baƙin. Akwai wani tsohon Arɗo daga wajen Achika da yake sauka tun muna yawo ba wando. Yana da maratayinsa a bango, inda yake rataye sanda da malfa, yana da wata tsohuwar butar duma da ba ya tafiya da ita, a nan take zaune daga mako zuwa mako, ba mai taɓa ta. Shi ne ya jawo mana rabin baƙin, don in ya sauka a wuri samarinsa ba sa wucewa.

Ni ba ni da haƙurin dillanci. Igiya nake sayarwa da kanwa a bakin kara, ina zaune da iyalina a sashen yamma na gidan. Aikina a zauren baki ne. Alhamis da la'asar in an jere akusan tuwo, miyar kuka tana ƙamshin man shanun da baƙin suka kawo, sai in zauna in ba su labarin bijimin da na gani a Gaya wanda tsuntsu ke tashi daga ƙahonsa na dama da hantsi, ba ya isa na hagu sai azahar. Su yi ta dariya suna rufe baki da gefen rawani. Yaya yana gefe yana tauna goro. Shi in ya ce maka "to" da safe, ya gama hirar ranar, sai kuma gobe.

Shirun nan nasa shi ne jarinsa. Akwai abu biyu da Bafulatani ba ya faɗa wa ko matarsa: yawan shanunsa, da inda yake kai su da damina lokacin da masu karɓar jangali suke yawo. Yaya ya san duka biyun. Ya san wace fadama kowa yake shigewa, ya san wane garke aka raba gida uku don kada a gan shi wuri ɗaya. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da muke ciki ɗaya, in na tambaye shi sai ya dube ni kamar na tambaye shi launin iska.

Wata shekara da bazara aka turo malamin dabbobi yin allurar bushiya, cutar nan da ke share garke. Mai unguwa ya duba gidajen unguwar, ya ga namu ne mai zauren da zai ɗauke shi da leburorinsa, ya sauke mana shi. Ba a ce wa mai unguwa a'a. Aikin malamin kuwa, in ya yi wa saniya allura sai ya ɗan tsinke bakin kunnenta, don kada a maimaita mata. Guntayen kunnuwan leburorinsa na tarawa a wata 'yar jaka, shaidar da zai nuna wa na gaba da shi cewa ya yi aiki, ba a inuwa ya kwanta ba. Jakar ta yini rataye a bangon zaurenmu, tana wari, ƙudajen Wudil da na ƙauyukanta suka zo ziyara. Bayan 'yan kwanaki ya kwashe kayansa ya yi gaba. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Muna da taubashi, ɗan gwaggonmu, mai sayar da goro. Tsakanin taubasai ba a fushi. Ya kira ka ɓarawo a tsakiyar kasuwa, kai kuma ka ce masa bawan da kakanka ya saya da ƙwaryar dusa, a yi dariya a watse. Sharaɗin ɗaya ne, in an jefo maka sai ka rama. Da ramawar ne na gefe suke gane wasa ake. Ni da shi in muka haɗu, masu awo har ajiye mudu suke su saurara. Amma Yaya bai iya ba. Tun muna yara in an tsokane shi sai ya sunkuyar da kai.

Ran wata Juma'a a farkon damina, kara ta cika har in ka tofar da yawu a kan doron sa zai sauka, Yaya yana tsaye da wasu sababbin baƙi, samari, waɗanda zuwansu na farko ke nan gidanmu. Sai ga taubashin da farantin goro a ka.

"A ba da hanya, a ba da hanya, ga attajirin kunnuwa! Bawana, nawa Bature yake biyanka kunne ɗaya yanzu? An ce buhun bana ya fi na bara cika. Ka sayi goro mana da kuɗin, kada ka ci kai kaɗai!"

Ina can bakin kara ina fama da wani mai taya igiya, na jiyo muryarsa, na yi dariya. Da ni aka faɗa wa, da na ce masa ai kunnen da ya fi tsada nasa ne, don Bature yana neman na jaki. Yaya kuwa fuskarsa ta canja, ya dubi ƙasa, ya ce "Allah ya shirye ka," ya juya. Samarin nan ba su san ɗan gwaggonmu ba ne. Abin da suka gani shi ne, wani ya tsare mai masaukinsu a bainar jama'a da maganar Bature da kuɗi da kunnuwan shanu, shi kuma ya kasa ɗaga ido. Ɗaya daga cikinsu ma ya taɓa hango jakar a bango, ran da ya koro shanu allura.

A wurin kuma akwai wani fatoman yana tsaye, na unguwar gabas, wanda zaurensa awaki suka fi mutane kwana a ciki. A makon nan ya sayi goro ya shiga zagaya rugage gaisuwa.

Kafin gero ya kai gwiwa maganar ta dawo gari, ta yi ƙiba har ban gane ta ba. An ce kowane guntun kunne saniya ɗaya ce. An ce Yaya ne ke ɗinke su a buhu, ya ɗora a mota zuwa Kano, daga Kano jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa zuwa Ingila, inda akwai wani gida mai hawa-hawa da ba a komai a cikinsa sai ƙirgar kunnuwan shanun Wudil. An ce duk saniyar da aka tsinke wa kunne ta zama ta Bature, zai zo ya kwashe abinsa kafin ya bar ƙasar, mu ya bar mu da mulkin kai da igiya. An ce shi ya sa masu jangali suke faɗawa garke kamar an yi musu jagora, ai mai masaukin ne yake kai suna. Ni da na shekara ina ƙarya kyauta a zaure, wallahi sai da na ji kishi. Ban taɓa gina wadda ta kai wannan tsawo ba, ga ta da mota da jirgi biyu.

Kuma komai ya zama hujja. Yaya ya sayi keke a shekarar, to da wane kuɗi? Wata karsana ta mutu bayan allurar, to ba ga shi ba? Ba ya magana, to mai gaskiya yana shiru haka? Da ya yi magana kuma da an ce ga shi yana kare kansa.

Wani saurayi ya zo sayen igiya a wurina, na ce bari in kashe maganar da dariya.

"Ɗan Fulani, in da kunne kuɗi ne, kai kana ganin zan zauna da nawa biyu ina sayar da igiya? Dube su, kamar faifai. Ai da na yi gidan bene."

Bai yi dariya ba. Ya dubi kunnuwan nawa sosai, kamar yana auna su, sannan ya ce, "To don me yayanka bai musa ba, ran da aka faɗa masa?"

Na ce ai taubashinsa ne. Ya ce su ma suna da taubasai, kuma in taubashi ya zage ka ramawa ake yi. Ya biya igiyarsa ya tafi.

Alhamis ta fara zuwa da sauƙin ƙafa. Tabarmin da ake shimfiɗawa har ƙofar gida suka koma rabin zaure. Matar Yaya ta sauke babbar tukunya ta ɗora ta tsakiya, ba ta gaya masa ba, shi ma ya gani bai tambaya ba. Labarin bijimina ya rasa masu dariya, har tsuntsun ya gaji ya sauka a hanya. Amma Arɗo bai fasa ba, shi da dattawa kaɗan. Ya rataye sandarsa, ya sha ruwa a butarsa, ya ce da Yaya, "Maigida, ƙyale maganar. Tsoron jangali ne yake ba ta ruwa. In kaka ta yi za ta bushe, yaran za su dawo, ni zan koro su."

Ni kuma nawa maganin daban ne. Na ce da Yaya abin da wasa ya ɓata wasa ne zai gyara. Ran Juma'a ya tare taubashin a tsakiyar kara ya wanke shi tas, shi ma ya rama, kowa ya ji, Fulani su gane ashe 'yan wasa ne. Na zauna na shirya masa zagi masu kyau, irin waɗanda ko ni ban taɓa kashewa ba, ajiya nake yi don babbar rana. Muka shiga bayan gida wajen turakun shanu na ce ya gwada a kaina.

"Ka ce: kai mai ruɓaɓɓen goro, wanda tsutsa ke biyan kuɗin haya a farantinsa!"

Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Kai... mai goro."

"Yaya, ai wannan sunan sana'arsa ne. Da wannan ake kiransa a saya. Ɗaga murya, ka nuna shi da yatsa."

Ya ɗaga yatsan ya tsaya yana kallonsa, sannan ya mai da hannun aljihu. Taubashin da kansa ya zo gidan, hula a hannu, ya rame kamar shi aka yi wa sharrin.

"Yaya, don girman Allah zage ni. A kara, a masallacin Juma'a, duk inda ka so. Zage ni da uwata ma. A'a, tsaya, uwata gwaggonka ce. Zage ni ni kaɗai, na ishe ka."

Yaya ya ce, "Ni ba yaro ba ne da zan tsaya tsakiyar kasuwa ina tsalle. Kai ba ni da magana da kai, halinka ne. Amma wanda ya ɗauki maganar ya bi rugage da ita, ya san abin da yake yi. A gaban mutane aka ɓata sunan gidan ubana. A gaban alƙali za a wanke shi."

Rabon da in ji ya jera magana mai tsawon wannan tun ranar da aka raba gado.

Sai an tuna irin shekarun. Lokacin ne 'yan siyasa suke hawa kan teburi a kasuwa suna lacca, a kama wannan don ya ambaci wani babba da abin da ba a so, a ɗaure wancan don waƙa. Kowa ya ga ana kai baki kotu ana hukunta shi. Sai mutane irin Yaya suka ɗauka magana ma kamar ɓarauniyar akuya ce, alƙali zai iya sa a kamo ta a ɗaure a turke.

Yaya ya kai ƙarar fatoman gabas, aka yi zama da hantsi. Zauren alƙali ya cika, har tagogi kawuna ne. Fatoman gabas ya sha babbar riga, ya durƙusa ya ce shi bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya ji a bakin ɗan gwaggon mai ƙara ya ji shi, a tsakiyar kara, kowa shaida ne. Aka kira taubashin. Alƙali tsoho ne mai farin gemu, ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ka ce yana sayar wa Bature kunnuwan shanu?"

"Na faɗa, Allah ya gafarta malam."

"Ka gani?"

"Ban gani ba. Bara ma na ce ya auri aljana a ƙarƙashin gada, ita ma ban gan ta ba."

"Me kake da shi?"

"Taubashina ne, Allah ya gafarta malam."

Alƙali ya cire tabarau ya goge. "Tashi ka ba ni wuri. Ba a shari'ar taubasai a nan. In na buɗe wannan ƙofar, ni ma akwai wani tsoho a Ɗankaza da zai sa a ɗaure ni kafin azahar." Aka yi dariya. Sannan ya juya ga fatoman gabas. "Kai fa, me kake da shi? Ɗan kawunka ne? Ɗan gwaggonka?"

"Ba mu haɗa komai ba, Allah ya gafarta malam."

"To shi al'ada ta ba bakinsa izini, kowa ya ji ya san ba a ɗauka. Kai wa ya ba naka? In ka faɗe ta a matsayin gaskiya, ga mutanen da cin abincinsa yake hannunsu, ɓata suna ne." Ya dubi Yaya. "Amma ya musa cewa shi ya yaɗa ta. Sai ka kawo mutum biyu da suka ji daga bakinsa. Kana da su?"

A nan ne na hango inda za a je. Mutumin nan bai taɓa faɗin maganar a cikin gari ba. A rugage kawai ya faɗe ta. Duk wanda ya ji daga bakinsa mai shanu ne, kuma damina ce tsakiyarta, kowa yana maƙale a inda ya ɓuya. Ina bayan Yaya, na kama gefen rigarsa na ja. Na sake ja har na ji ɗinki ya yi ƙara. Bai waiwayo ba.

"Ina da su," in ji shi. Ya ambaci Arɗo da ƙanensa.

"A ina za a same su?"

Yaya mutum ne da bai iya ƙarya ba, kuma alƙali ne ya tambaye shi. Ya faɗi fadamar. Ya faɗi ta inda ake shiga, da tsamiyar da ake karya kwana a gindinta. Abin da ya yi shekara da shekaru bai faɗa wa ƙanensa ba, ya faɗe shi a zaure cike da mutane, muhuti yana rubutawa.

Washegari ɗan doka ya ɗora jar dara ya hau keke ya kai sammaci. Waɗanda suka gani sun ce da matan rugar suka hango jar hular nan tana tahowa ta cikin dawa, sai kururuwa. Aka kifar da ƙoren nono, samari suka kora shanu cikin ruwa, wani maraƙi ya karye. Shi kuwa bawan Allah takarda kawai ya kawo, har ya roƙi a ba shi fura.

Arɗo ya zo. Bai taɓa shiga gaban alƙali ba tunda aka haife shi. Aka tambaye shi sunansa da na ubansa da inda yake zaune, ya faɗa, yana kallon alƙalamin muhuti kamar maciji. Sannan ya ba da shaida tsaf. Ya ce i, mutumin nan ya zo rugarsa da goro, ya faɗi kaza da kaza, kuma shi bai yarda ba, don ya san gidan tun uban mai gidan yana da rai. Ƙanensa ya faɗi haka. Alƙali ya yanke wa fatoman gabas bulala, ya kuma sa mai shela ya zagaya kara ran Juma'a ya faɗa wa kowa maganar kunnuwa ƙarya ce.

Ranar na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ba da labarin bulalar a bakin kara har na ce an jiyo ihunsa a Lajawa, kifaye sun leƙo daga kogi suna tambaya. Mai shela ya yi aikinsa da ganga. Yaya ya saka farar riga ya zagaya kara, mutanen gari suna ba shi hannu. Na lura Fulani suna kallo daga nesa, jingine da sandunansu, amma na ce kunya ce.

A cikin makon masu jangali suka shiga fadamar nan, ta gindin tsamiyar. Ko ɗan dokan ne ya kai labari, ko wani daga cikin masu leƙen taga, ko dama suna hanya, Allah kaɗai ya sani. Suka sami garken a haɗe, suka ƙirga har da na goye.

Alhamis ta zagayo. Yaya ya sa aka mai da babbar tukunya kan murhu. Ya sayo nama, abin da ba a saba ba. Aka share zaure aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida kamar da. Ni ma na zo da sabon labari, na wata saniya da ta haifi maraƙi da fatarsa a jeme. Muka zauna bayan la'asar muna kallon hanyar gada.

Shanu suka fara hawowa. Garke na farko ya zo daidai ƙofarmu, jagoran ya ɗaga sanda ya gaishe mu, ya wuce. Na biyu bai ma ɗaga ba. Wasu suka sauka a wani gida can gaba. Wasu kuwa, da idona na gani, suka karya suka nufi unguwar gabas, gidan mutumin da bayansa bai gama warkewa ba. Daga baya na ji abin da suke cewa: an yi masa bulala ne don ya tona asiri.

Rana ta yi sanyi sai ga Arɗo, shi kaɗai, ba ko ɗan maraƙi. Yaya ya miƙe da sauri har goronsa ya faɗi. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da damina da gajiya. Amma bai cire takalmi ba, sandar kuma tana kafaɗarsa.

"Bismilla, Baffa, shigo. Ga tuwo an sauke."

"Alhamdu lillahi, maigida. Butata na zo ɗauka."

Yaya ya tsaya. "Baffa, ai kai ka ba da shaida. Da bakinka ka ce ƙarya ce."

"Ƙarya ce. Gobe ma in an tambaye ni haka zan ce."

"To me ya rage?"

"Maigida, ƙaryar nan ta yi wata da watanni tana yawo, ba ta taɓa kawo jar hula rugata ba. Ba ta rubuta sunan ubana a takarda ba. Ni na san ba da mugunta ka yi ba. Amma in na ce wa yaran nan su zo su kwana a nan, me zan ce musu? In ce ba ka faɗin inda muke?"

Arɗo ya miƙa hannu daga bakin ƙofa, na ɗauko masa butar. Inda ta zauna a ƙasa ta bar zobe. Ya yi mana addu'a, ya roƙa wa mahaifinmu gafara, ya tafi.

Kaka ta yi, jangali ya wuce, maganar kunnuwa ta bushe kamar yadda tsohon ya faɗa. Har aka zo ana ba da ita a matsayin abin dariya. Baƙin dai ba su dawo ba. Yaya ya ci gaba da sa a share zaure duk Alhamis. Tukunyar ta koma ta tsakiya, ta koma ƙarama. Yana zuwa kara ran Juma'a ya tsaya a inda ya saba tsayawa, hannuwa a baya, yana kallon cinikin wasu. Daga baya ya karɓi gonar dangin mahaifiyarmu a Lajawa, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba sai da furfura ta fito masa. Keken ma ya sayar.

Kafin ya koma can, wata Alhamis a watan cika-ciki, lokacin da taubasai ke bin juna da tsiya ana karɓar kuɗin shara, ɗan gwaggonmu ya zo. Tun ranar kotu bai sake tsokanar kowa a gidanmu ba, har ni. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Yaya kamar ya zo gaban surukinsa.

"Barka da yamma, Yaya. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya muka ji da sanyi?"

Yaya ya dube shi. Zauren ba kowa sai mu uku da tabarmi. Sai na ga ya ɗaga yatsa a hankali, ya nuna shi, ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Kai mai ruɓaɓɓen goro. Wanda tsutsa ke biyan kuɗin haya a farantinsa."

Bai manta ko kalma ɗaya ba. Ashe yana riƙe da ita tun bayan gida.

Na jira taubashin ya rama. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Yaya."

Aka kawo tuwo, akushi uku, don matar Yaya har lokacin ba ta iya tuƙa na mutum kaɗan ba. Muka buɗe ɗaya muka ci. Sauran biyun na ɗauka na miƙa maƙwabta.